Kafin ka sayi wuƙar aljihu a Sakkwato

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai wuƙaƙe a Babbar Kasuwar Sakkwato ya san yadda cinikin ke farawa. Kafin ka buɗe baki mai kaya ya zaro wadda ta fi ƙyalli, ya ɓalle ta ƙas, ya miƙo maka yana cewa, "Alhaji, wagga ta Jamus ta." Ni ma na taɓa faɗawa. Na sayi wata mai ƙota baƙa da zanen damisa, na kai ta gida ina taƙama. Kara biyu na rake na fere da ita ta dakushe, kafin sati ya zagayo ƙusar tsakiyarta ta kwance, ruwan wuƙar ya riƙa rawa kamar haƙorin tsoho. Daga ranar na daina tambayar ƙasar da aka ƙera wuƙa. Abin da nake tambaya yanzu shi ne wane ƙarfe ne, kuma ko dutsen wasa na gidana zai iya cin sa.

Fara da aikin da za ta yi maka. Yawancinmu abin da muke yi da wuƙar aljihu bai wuce yanke igiya, farke bakin buhu, fere mangwaro ko rake, tsaga goro, da fiƙe alƙalamin kara ga mai rubutun allo ba. Wannan duka ruwa mai tsawon santimita 7 zuwa 9 ya ishe shi. Yanka da fiɗa kuwa ba aikinta ba ne. Jini da kitse na shiga gaɓarta su daskare, kuma wuƙar da ke naɗewa tana iya rufewa a kan yatsunka a lokacin da dabba ta zabura. In don layya kake nema, ka nufi Maƙera Assada ka sa a ƙera maka doguwa mai kube, ka huta.

Maganar ƙarfe ita ce tushen komai, kuma ba ta da wuya kamar yadda lambobin ke nunawa. Sinadarin kabon shi ke sa ƙarfe ya yi tauri ya riƙe kaifi. Kuromiyam shi ke hana tsatsa, kuma sai ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari kafin a ce ƙarfe ba ya tsatsa. Wuƙaƙen da aka yi a Sin sukan faɗa maka gaskiyarsu a jikin lambar. In ka ga 3Cr13, kabon ɗinsa kusan 0.3 ne, kuromiyam 13: ba zai yi tsatsa ba, amma laushi gare shi, irin na damisata ke nan. In ka ga 8Cr13MoV, kabon ya kai kusan 0.8, kuma wannan ƙarfen aiki ne na mutunci, yana kaifi da sauri, yana ɗan jimawa kafin ya nemi dutse. Na Japan da ake kira AUS-8 kusan ɗan'uwansa ne. Wanda na fi so a cikin marasa tsada shi ne wanda kamfanin Sandvik na ƙasar Suwidin ya fito da shi, 12C27 da ƙanensa 14C28N. Kaifinsu siriri ne mai tsabta, ba sa saurin yin giɓi, kuma ko a gindin kofin tangaran ka goga su sai su farfaɗo. Wuƙar da aka rubuta mata "Stainless" ko "Rostfrei" kawai, babu lamba babu sunan kamfanin da aka sani, ka ɗauka mafi arhan ƙarfe aka sa mata.

Sai ƙarfen kabon zalla, irin su 1095 da XC90, wanda ba a sa masa kuromiyam na a zo a gani ba. Dangin abin da maƙeranmu ke bugawa ne daga sifirin ɗin tsohuwar mota. Yana kaifi kamar askar wanzami, kuma kowane dutse na cin sa. Aibinsa tsatsa. Mutumin Legas ko Fatakwal yana da dalilin gudunsa, amma mu nan da muke yin wajen wata takwas babu ruwan sama, abin da sauƙi. Abokan gabarsa a Sakkwato biyu ne: damina daga Yuni zuwa Satumba, da gumin aljihu a zafin Afrilu lokacin da ma'auni ke haura 40. Ka goge shi bayan aiki, ka ɗan shafa masa man gyaɗa, shi ke nan. Zai yi duhu in ya sha albasa da lemun tsami. Wannan duhun ba lalacewa ba ne, har ma yana ɗan kare shi, sai dai a kwanakin farko yakan bar ɗanɗanon ƙarfe a jikin mangwaro.

Yanzu ga inda samari ke zubar da kuɗi. Ana yayin wuƙaƙe masu ƙarfen D2 da S30V, kuma gaskiya ne suna daɗewa ba su dakushe ba. D2 na da kabon kusan 1.5 da kuromiyam kusan 12, amma yawancin kuromiyam ɗin ya haɗe da kabon, don haka yana iya yin tabon tsatsa duk da lambar. S30V kamfanin Crucible na Amurka ne ya fito da shi a 2001, daga garin ƙarfe ake haɗa shi, da banadiyam kashi 4. Wannan banadiyam ɗin yana yin ƙwayoyi masu taurin da ya fi na dutsen wasa na gargajiya. Ranar da wuƙar ta dakushe, don kuwa za ta dakushe, za ka zauna kana gurzawa har la'asar ta yi, dutsen ne ke cinyewa. Sai kana da faranti mai garin daimon. In ka gaji ka miƙa wa mai wasa da inji a bakin titi, to ka gama da ita: zafin injin zai sa bakin ya yi shuɗi, taurin da ka biya kuɗinsa ya tafi, kuma ba ya dawowa. Ni a ganina, wanda ba shi da kayan wasa na zamani, ƙarfe mai matsakaicin tauri da zai wasa cikin minti biyu ya fi masa amfani nesa ba kusa ba.

Wani abu kuma da lamba ba ta faɗa shi ne yadda aka gasa ƙarfen aka tsoma shi. Tsohon maƙeri ya san wannan tun kafin a ƙirƙiro ma'aunin Rockwell da ake auna tauri da shi. Ƙarfe ɗaya ne, wani ya fitar da wuƙa, wani ya fitar da gwangwani. Nan ne sunan kamfani ke da amfani. Kamfanin Buck na Amurka yana aiki da 420HC, ƙarfen da a takarda ba wani abin yabo ba ne, amma sun ƙware wajen gasa shi har ya fi na waɗansu masu lamba mai tsada.

Cikin sunaye, Victorinox zan fara ambata, jar wuƙar nan mai tambarin garkuwa da ake kira ta sojan Suwizalan. Karl Elsener ne ya kafa masana'antar a garin Ibach a 1884, kuma a 2005 suka saye abokin gasarsu Wenger. Ƙarfenta ba mai tauri sosai ba ne, wajen 56 a ma'aunin Rockwell, don haka tana son a riƙa taɓa ta da dutse a kai a kai. Amma ba ta tsatsa, ruwanta siriri ne mai shiga abu ba gardama, ga almakashi, ga sukundireba, ga mabuɗin gwangwani, har da 'yar matsefata ta cire ƙaya, wadda duk mai ratsa gona cikin ƙarangiya zai gode mata. Ga malamin makaranta, direba, ma'aikacin ofis, ban san wadda ta fi ta ba. Tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: ba ta ba mutane tsoro. In an tsayar da mota a shingen bincike a hanyar Illela ko ta Gusau aka ga wannan a aljihunka, bayaninta gajere ne. Kada dai ka biye wa masu baki ashirin, nauyi ne kawai. Mai layin kayan aiki biyu ko uku ta isa. Ka tuna yawancin ƙananan ba su da sakata, sifirin ne kaɗai ke riƙe ruwan, saboda haka ba a soka abu da su da ƙarfi.

Opinel ta Faransa ita ce sarauniyar arha. Joseph Opinel ya fara yin ta a yankin Savoie a 1890, kuma har yau siffarta ba ta canza sosai ba: ƙotar itace, ruwa ɗaya, da zoben ƙarfe da ake murɗawa ya kulle ta, wanda aka ƙara a 1955. Lamba-lamba ce, kuma lamba 8 mai ruwa santimita 8.5 ita ce daidai aljihu. In an rubuta "Carbone" ta kabon ce, in "Inox" ce mara tsatsa. Wajen yanka albasa, tumatir ko kilishi tana kunyata wuƙaƙen da suka ninka ta kuɗi sau biyar. Halinta ɗaya ne sai ka sani: itacen na bin yanayi. Da damina yakan kumbura ta ƙi buɗuwa, sai ka buga gindin ƙotar a kan benci ruwan ya leƙo. Da hunturu kuma ya bushe ta yi sako-sako, sai ka riƙa murɗa zoben ko tana rufe don kada ta buɗe a aljihu.

Da mai teburin nan ya ce ta Jamus ce, akwai tarihin da yake jingina da shi ko bai sani ba. A garin Solingen aka fara ƙera Okapi a 1902 musamman don kasuwannin Afirka, sai a 1988 aka mayar da aikin Afirka ta Kudu. Ƙarfen kabon ce, mai zoben da ake ja kafin ta rufe. Takan zo ba kaifi sosai, aikinta ba mai laushi ba ne, amma in ka wasa ta za ta yi maka aikin gona da na garke ba tare da ka ji ciwon ɓatanta ba. Takwararta a ƙasashen da Faransa ta mallaka ita ce Douk-Douk, daga garin Thiers tun 1929, ƙotarta falle ɗaya ne na ƙarfe da aka naɗe, siririya har ka manta tana aljihu.

Buck 110 ta shiga kasuwa a 1964, mai tagulla a kai da gindi da sakata a gadon baya. Kyakkyawa ce, kuma jika zai iya gadonta. Sai dai nauyinta ya kai wajen giram 200, za ta ja aljihun kaftani har ya yage. Ta ɗamara ce, kuma in kubenta ya tsufa masu aikin fata na Shiyar Maɗunka za su ɗinka maka wanda ya fi na asali.

Kada kuma a ce duk abin da ya fito daga Sin jabu ne. Birnin Yangjiang cike yake da masana'antun wuƙa, kuma kamfanoni irin su Civivi suna sa sunansu da lambar ƙarfensu a fili, aikinsu kuma mai kyau ne. Spyderco ta Amurka, mai ramin nan a jikin ruwa da ake buɗewa da babban yatsa, a Sin take yin samfurinta mai arha da ake kira Tenacious, da 8Cr13MoV. Ontario RAT 1 kuma a Taiwan ake yin ta. Abin da zan ja kunne a kai game da irin waɗannan na zamani shi ne boris. Da yawansu an sa musu ƙananan boris a gaɓa don su buɗe da taɓawa ɗaya. Abin sha'awa ne a cikin shago, amma ƙurar hunturu da yashin aljihu in suka shiga sai ka ji tana ƙarar tsakuwa, kuma kwance ta na buƙatar sukundireba mai bakin tauraro. Wadda aka sa wa washa a gaɓa maimakon boris ta fi jure garinmu.

Asarar gaske tana wajen jabu mai ɗauke da babban suna. In aka ce maka wuƙa Spyderco ce ko Benchmade mai S30V, aka kuma yi maka kuɗin da bai wuce na cefanen yini ba, ƙarya ce, domin na gaskiya kan kai dala 100 ko fiye tun a can. Haka masu zanen igiyar ruwa da ake cewa ƙarfen Dimashƙa ne: a kan masu arha sau da yawa zanen a sama kawai yake, yana gogewa. Gara Opinel ta gaske da Benchmade ta ƙarya. In ta intanet za ka saya ko ta hannun ɗan'uwa mai dawowa daga waje, nemi hoton gindin ruwan, domin a nan Victorinox ke buga sunanta, rubutu mai zurfi mai tsabta, ba fenti ba.

A gaban tebur kuwa, kada kunya ta hana ka gwaji. Buɗe ta, ka kama ƙarshen ruwan ta baya ka girgiza hagu da dama. In tana motsi, ajiye. Rufe ta ka duba ko ruwan ya kwanta a tsakiya, kuma tsinin bai leƙo waje ba. In mai sakata ce, danna bayan ruwan da tafin hannu, yatsunka nesa da hanyarsa, ka ga ko za ta saki. Ka ce, "Malam, ba ni takarda," ka yanka gefenta a tsaye: mai kyau za ta ratsa shiru, maras kyau za ta yage ta. In mai kaya ya ɓata rai don ka gwada, akwai wani tebur a gaba.

Ni dai yanzu biyu nake juyawa, Opinel lamba 8 ta kabon da rani, ƙaramar Victorinox da damina da kuma ranar tafiya. Ko ita ɗin, in jirgi za ka hau a filin Sultan Abubakar III, balle tafiyar Hajji ko Umara, ka jefa ta cikin babbar jakar da za a auna tun daga gida. In ta kai wurin bincike a aljihunka, a nan za ka bar ta.