Tukunyar haɗa giya mai lantarki, lita 30: ta yi ko ba ta yi ba?

Ga masu haɗa giyar sha'ir a gida nan Jamus, wannan tukunyar ta rage wahala gaskiya. Da sai ka tanadi tukwane 3, ɗaya na ruwan zafi, ɗaya na jiƙa tsiron sha'ir, ɗaya na tafasa, yanzu duk a guri ɗaya kake yi. Akwai kwandon ƙarfe a ciki da zai ɗauki kilo 5 zuwa 6 na ɓarzajjen tsiro, ka saita zafi a digiri 66 ka bar shi awa ɗaya, famfo na ta juya ruwan ta sama har sitacin ya koma suga, ba sai ka tsaya kana juyi da muciya kamar mai burukutu ba.

Matsalarta dai famfon nan, in ka niƙa tsiron ya yi laushi sosai toshewa yake, dole a bar ɓawon da ɗan girmansa don shi ke tace ruwan. Kuma ɗaga kwandon in ya sha ruwa, kai, sai ka nemi mai kama maka!

Bututun sanyaya ruwan kam na yaba, nan da nan yake sauko da shi kusan digiri 20 kafin a zuba yis.

Tsada ce da ita fa. In yanzu ka fara, babbar tukunya da jakar tace tsiro ma sun ishe ka.