Wata Biyu da Jerin Waƙoƙin Indi Masu Sanyi

Wata biyu ke nan da wani abokin aikina ya turo mini jerin waƙoƙi 42 ta manhajar Spotify, ya ce in riƙa saurare da dare idan ina haɗa lissafin ƙarshen wata, tun da ya lura kiɗa mai zafi yana raba mini hankali. Dukansu na mawaƙan da ake kira indi ne, wato waɗanda ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin nan uku da suka mamaye kasuwar waƙa ta duniya, Universal da Sony da Warner, sai dai su jingina da ƙaramin kamfani ko su fitar da kayansu da kansu.

Daren farko ban ji daɗi ba ko kaɗan. Kunnen da ya tashi da kalangu, inda mawaƙi ke fito da kowace kalma sarai kuma 'yan amshi su maimaita maka ita, ba ya saurin yarda da muryar da aka binne a ƙarƙashin jita kamar mai magana daga ɗakin maƙwabci. Har sai da na zare iyafis ɗina na hure shi, a zatona ƙura ce ta toshe shi. Ashe da gangan suke yin hakan, murya a wurinsu kayan kiɗa ce kamar sauran.

Waɗanda suka fara shiga raina su ne Khruangbin, mutum uku daga birnin Houston na jihar Texas: Mark Speer a jita, Laura Lee a jita mai kaurin amo, sai Donald Johnson a ganga. Sunan nasu kalmar Thailand ce da ke nufin jirgin sama, domin tsofaffin kaɗe-kaɗen ƙasar sun yi musu tasiri tun farko. Yawancin abin da suke yi kiɗa ne zalla, waƙa kaɗan, kuma mai gangar ba ya gaggawa ba ya ƙawa, bugu ɗaya zai riƙe tun daga farko har ƙarshe, jitar kuma ta yi ta kewaya shi. A cikin jerin na ci karo da wani kiɗa nasu da na ji kamar na san shi tun ina yaro, irin amon Sahel ɗin nan mai ja da tsawo. Da na duba sai na tarar daga kundin da suka yi a 2022 ne tare da Vieux Farka Touré na Mali, don tunawa da mahaifinsa Ali Farka Touré wanda ya rasu a 2006. Wannan kundi shi ya zame mini ƙofa, domin bayan na saurare shi sau uku sai sauran waƙoƙin suka daina yi mini baƙunta.

Men I Trust, 'yan lardin Quebec na Kanada da suka kafu a 2014, su ne na fi saka wa lokacin aiki, saboda muryar mawaƙiyarsu ba ta neman ka bar abin da kake yi ka dube ta. Suna kuma cikin masu fitar da waƙoƙinsu da kansu. Beach House kuwa, mutum biyu daga Baltimore da suke tare tun 2004, kiɗansu ya fi kauri da duhu, kuma har yanzu sai da daddare sosai nake iya zama da shi.

Inda jerin ya gaza shi ne wajen tsari. Abokin nawa ya jera waƙoƙi shida mafi sanyi a tsakiya, ɗaya bayan ɗaya, kuma sau biyu ina farkawa kaina a kan tebur, kwamfuta na ci, lissafi bai ƙare ba. Ba zan shawarci direban da zai kama hanyar Kano zuwa Zariya da dare ya saka shi ba. Akwai kuma waƙoƙi uku da na cire bayan na karanta baitocinsu, domin sanyin kiɗa yana iya lulluɓe maganar da mutum ba zai so yara su ji a mota ba.

Ita manhajar, wadda ta shigo Najeriya a Fabrairun 2021, ta sauƙaƙa mini abu biyu. Da yake ina biyan kuɗin wata, nakan sauke waƙoƙin da intanet ɗin ofis in saurara a gida ba tare da taɓa datata ba, sannan kowace Litinin tana kawo mini sababbin waƙoƙi 30 bisa abin da na saba ji, inda nakan tsinci biyu ko uku masu kyau.

A makon jiya na sake tsara jerin, na rage shi zuwa 25, na raba masu sanyin da juna, na cusa tsofaffin kaɗe-kaɗen Ali Farka Touré guda huɗu a tsakani, sannan na mayar wa abokin nawa. Ya ce na ɓata masa jeri, amma da na wuce ta teburinsa ranar Alhamis nawa ne yake ji.