Izinin haɗaka ko cikakken lasisi: wanne ya dace da likitan gashi mai yawon kwantiragi a Amurka?

A Najeriya, da zarar likitan gashi ya yi rajista da hukumar MRTB mai ba su lasisi yana kuma sabunta lasisinsa duk shekara, magana ta ƙare. Takardar da ya yi aiki da ita a Asibitin Ƙashi na Dala ita zai nuna idan ya koma Maiduguri ko Legas. A Amurka kuwa kowace jiha da hukumarta da dokarta da kuɗinta, kuma lasisin Teksas ba ya ba ka damar taɓa gwiwar majinyaci a Kalifoniya. Wanda yake zaune a asibiti ɗaya bai cika jin nauyin wannan ba. Mai yawon kwantiragi shi ne ke ji a jikinsa, domin yawancin kwantiragin na mako 13 ne, ke nan a shekara guda mutum zai iya yin aiki a jihohi uku ko huɗu.

Kafin a zo ga zaɓi, akwai ƙofar da kowa sai ya bi ta cikinta, wato jarrabawar NPTE da tarayyar hukumomin jihohi, FSBPT, take shiryawa. Ana yin ta sau huɗu a shekara, a Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba, kuma sai mutum ya sami maki 600 cikin 800 kafin a ce ya ci. Sau shida kacal aka yarje wa mutum ya gwada a tsawon rayuwarsa. Idan ka ci sau ɗaya ka ci ke nan, ba za ka sake zama ba don ka canja jiha. Abin da ya rage shi ne hanyar da za ka bi jiha ta biyu da ta uku su amince da kai, kuma manyan hanyoyin biyu ne.

Izinin haɗaka

Wannan ya samo asali ne daga yarjejeniyar tsakanin jihohi da ake kira PT Compact. Oregon ce ta fara sa ta a dokarta a 2016, yarjejeniyar ta tsaya da ƙafarta a 2017 lokacin da jihohi goma suka cika, sannan a watan Yulin 2018 Mizuri da Tenesi da Dakota ta Arewa suka fara ba da izinin. Yanzu jihohin da ke ciki sun haura 30, har da Teksas da Arizona da Kolorado da Jojiya da Washinton.

Abin da kake saya ba lasisi ba ne, izini ne na yin aiki a wata jihar haɗaka bisa ƙarfin lasisin jiharka ta gida. Ka shiga shafin hukumar a intanet, ka zaɓi jiha, ka biya dala 45 na hukumar haɗakar, ka ƙara da kuɗin da ita jihar ta yanka, wanda a wasu wuraren bai taka kara ya karya ba, a wasu kuma ya haura dala 100. Galibi kafin shayinka ya huce lambar izinin ta fito. Ranar da na fara saya sai da na sake duba allon sau biyu, don na saba da jiran makonni.

Sharuɗɗan ba su da yawa, amma ba a sassauta su. Dole lasisinka na gida ya zama mai rai, babu wani takunkumi a kansa, kuma ba a hukunta ka ba cikin shekara biyu da suka wuce. Sai babban sharaɗin, wanda a nan ne mutane suke tuntuɓe: jihar da kake zaune na dindindin, wadda lasisin tuƙinka ya nuna, ita ce dole ta kasance cikin haɗakar, kuma lasisin ita jihar kake riƙe da shi. Idan gidanka na Niyok ne amma kana da lasisin Teksas, ba ka cancanta ba, duk da cewa Teksas na ciki. Taura biyu ba ta taunuwa, jihar gida ɗaya ce. Sojojin da ke bakin aiki da matansu ko mazansu ne kawai aka yi wa sassauci wajen zaɓar jihar da za su kira gida.

Na ga waɗanda suke aron adireshin ɗan'uwa a jihar haɗaka don su samu shiga. Ban ba kowa wannan shawara ba. Mai yawon kwantiragi yana da wani lissafin da ke rataye da maganar gida, wato alawus ɗin masauki da abinci da ba a cire masa haraji, wanda bai halatta ba sai idan da gaske kana da gidan da kake ci gaba da biya wa kuɗi yayin da kake wani gari. Ma'anar gida a wurin hukumar haraji daban take da ma'anarsa a wurin hukumar haɗaka, to idan ka faɗa wa wannan abu ɗaya ka faɗa wa waccan wani, kai ne ka haɗa takardun da za su ƙaryata juna.

Daɗin izinin haɗaka ya fi fitowa a wajen sabuntawa. Awannin ƙaro ilimi na jiharka ta gida kaɗai ake binka, ko da izini biyar kake riƙe da su. Ranar ƙarewa ma ɗaya ce, domin kowane izini yana mutuwa ne ranar da lasisin gida zai ƙare. Amma wannan ɗin yana da ƙaya. Idan saura wata biyu lasisinka na gida ya ƙare ka sayi izini, na wata biyu ka saya da cikakken kuɗi, sai ka sabunta na gida sannan ka sake biya. In kwantiragin zai ba ka sarari, sabunta na gida tukuna.

Illarsa ta gaske ita ce komai a igiya ɗaya yake rataye. Aka sa wa lasisin gida takunkumi, duk izinin sun faɗi tare. Wata jiha ta ƙwace izininta saboda laifi, sauran ma sun tafi. Ka tare a jihar da ba ta cikin haɗaka, nan ma sun tafi. Kuma sauƙin sayen bai ɗauke maka jarrabawar dokokin jiha ba. Jihohi da yawa suna so ka ci tasu kafin ka biya, wasu kuma sun ba da ɗan wa'adi bayan saye. Lokacin saye za a nemi ka tabbatar ka cika wannan sharaɗi. Wanda ya danna cewa ya yi alhali bai yi ba, ya ja wa kansa hukuncin da zai iya raba shi da haɗakar na shekara biyu, a kan jarrabawar da yammaci ɗaya ya isa a gama ta.

Cikakken lasisi

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma har gobe ba a rabu da ita ba, domin Kalifoniya da Niyok, inda aiki ba ya yankewa, ba sa cikin haɗakar a lokacin da nake wannan rubutu. Za ka cika takardar neman lasisi ta jihar, ka biya FSBPT ta aika mata da makin jarrabawarka, a ɗauki zanen yatsunka don binciken tarihin laifi a inda ake buƙata, ka zauna jarrabawar dokoki in jihar tana da ita, wani lokaci har makarantarka sai ta aiko da sakamako. Idan aka tara kuɗin ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwan daloli ne. Lokaci kuwa daga 'yan makonni zuwa watanni, ya danganta da jihar da kuma cunkoson da ka tarar, musamman bayan an yaye ɗalibai.

Abin da ya fi cin rai shi ne takardar shaida. Yawancin hukumomi suna so duk jihar da ka taɓa riƙe lasisinta, ko da ya mutu tuntuni, ta aiko musu kai tsaye cewa ba ka da tabo. Ni wannan ta taɓa cin kasuwata. Na sa hannu a kwantiragin da zan fara ranar Litinin, na loda kaya a bayan mota har da tukunyar dafa shinkafa da dardumar salla, na yi tuƙin kwana biyu, na kama ɗaki. Sai ga saƙo cewa fayil ɗina bai cika ba, ana jiran shaida daga wata jihar da na yi wa aikin wata uku shekaru da suka wuce. Kwana goma sha ɗaya na yi ina biyan haya daga aljihuna, kullum da safe ina kiran waya ana sa mini kiɗa. Asibitin ya yi haƙuri ya jira ni, amma ba kowane asibiti ne zai jira ba. Tun daga ranar na gane cewa kowane lasisi da ka karɓa wutsiya ce da za ta riƙa binka, don haka ba a tara su don ado.

Amfaninsa shi ne naka ne, yana tsaye da kansa. Ka canja gida zuwa ko'ina, yana nan. Wanda bai tsai da inda zai zauna ba tukuna, ko wanda gidansa yake jihar da ba ta cikin haɗaka, ba shi da wata hanya sai wannan.

Nauyinsa a sabuntawa yake, don kowace jiha da kalandarta. Kalifoniya da Teksas duk shekara biyu ne, a ƙarshen watan haihuwarka, kuma kowacce tana neman awa 30 na ƙaro ilimi. Filorida awa 24 take nema, kuma lasisin kowa yana ƙarewa ranar 30 ga Nuwamba a shekarun da lambarsu mara ce. Niyok shekara uku-uku take yi, da awa 36. Ba jimlar awannin ce matsalar ba, domin kwas ɗaya yakan shiga lissafin jihohi da dama. Matsalar ita ce jihohi da yawa suna da darussan dole nasu, kuma ba kowane kwas ne kowace jiha ta amince da shi ba. Kafin ka biya kuɗin kwas, duba jerin jihohin da suka karɓe shi, kuma ka adana takardun shaidar, don hukumomi suna zaɓar mutane su ce a kawo hujja.

Idan ka gama da jiha kuma ba ka da niyyar komawa kusa, kana da zaɓi uku: ka ci gaba da biya, ka mayar da lasisin na ajiya in jihar ta yarda da haka, ko ka bar shi ya mutu. Jihar da ta ba ka wuya kafin ka samu, kuma aikinta yana da tsoka, gara ka ci gaba da biya, don tayar da mataccen lasisi kan zo da tara da sabon jira. Wadda ka shiga sau ɗaya bisa tsautsayi, bar ta ta tafi.

Wata ƙofa da ake mantawa da ita: asibitocin gwamnatin tarayya, irin na tsofaffin sojoji da na hukumar lafiyar 'yan asalin ƙasar, suna karɓar lasisi mai rai na kowace jiha. Sai dai nasu tantancewar ma ba ta sauri ba ce.

Ko wace hanya ka bi, dokar jihar da majinyaci yake ita ce take aiki a kanka, ba ta jihar da ka fito ba. A Kalifoniya za ka iya duba mutum ba tare da takardar likita ba har kwana 45 ko ziyara 12, duk wanda ya riga cika. A Niyok kwana 30 ne ko ziyara 10, kuma sai wanda ya yi shekara uku yana aiki. Sokar tsoka da siririyar allura, wadda likitocin gashi suke yi a Arizona da Kolorado, ba a yarje musu ita ba a Kalifoniya da Niyok. Abin da jarrabawar dokokin da ake rainawa take koya maka ke nan.

Ga wanda ya yi karatu a gida

Wanda ya fito daga Jami'ar Bayero ko ta Maiduguri yana da ƙarin mataki. Sai an auna karatunsa da ma'aunin na Amurka, aikin da hukumomi irin su FCCPT suke yi, kuma sau da yawa sakamakon yakan nuna giɓin wasu darussa da sai an cike. Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne, wucewa a jiha ɗaya ba ya nufin an wuce a duka. Idan ka nemi cikakken lasisi a jiha ta biyu, tana da ikon sake buɗe fayil ɗin karatunka, ta nemi sabon awo ko jarrabawar Turanci ko wani lokaci na aiki ƙarƙashin kulawa. Izinin haɗaka ba ya komawa kan karatunka, lasisin gida kawai yake kallo. Saboda haka ga ɗan ƙasar waje darajarsa ta wuce ta sauri da araha. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da Niyok suke farawa, kuma ba laifi ba ne, amma wanda yake da burin yawon kwantiragi ya kamata tun farko ya yi tunanin jihar da zai kafa gida, don lasisin wannan jihar ne zai buɗe masa sauran ko ya rufe.

To wanne za a saya?

Idan gidanka na gaskiya yana jihar haɗaka, riƙe lasisin gida da kyau, kada ka sayi izini sai kwantiragi ya tabbata, tunda minti kaɗan ne aikin. Ka ƙara da cikakken lasisi ɗaya, ko biyu in ya yi yawa, a jihar da ba ta ciki wadda ka san za ka riƙa komawa, kuma wannan ka fara nemansa wata uku ko huɗu kafin lokacin da kake so ka fara aiki, don ba a fafe gora ranar tafiya. Idan gidanka ba ya cikin haɗaka, zaɓi jihohi biyu ko uku masu yawan aiki ka riƙa zagayawa a tsakaninsu, ya fi ka bi kowane tayi da sabon lasisi.

Batun wanda zai biya kuma, tambayi kamfanin da ya samo maka aikin tun kafin ka sa hannu. Da yawa suna mayar da kuɗin lasisi, amma galibi sai ka fara aiki da su a jihar, kuma wasu daga cikin jimlar albashinka suke zare shi su sake miƙo maka da wani suna. Ka ce a rubuta adadin a cikin kwantiragin, a layinsa daban, kuma ka ajiye rasit ɗin komai har da na zanen yatsu.