Daskararwa ko Kakin Farafin: Wanne Ya Dace Wajen Gano Ƙwayoyin Garkuwar Jiki?

Ɗaliban ɗakin gwaji sun sha tambayata: idan aka ɗebo tsokar majiyyaci don duba ƙwayoyin garkuwar jiki, a daskarar da ita ne, ko a saka ta a fomalin (ruwan sinadarin da ke hana tsoka ruɓewa) da kakin farafin?

Wajen sauri, daskararwa ce kan gaba. Injin kirayostat na yanka daskararriyar tsoka a sanyin digiri -20 na ma'aunin Celsius, cikin kamar minti 20 an ga tsokar a madubin likita. Farafin kuwa sai tsoka ta kwana a fomalin, a tsane ruwanta, kafin a zuba kaki.

Fomalin yana ɗaure sunadarai, ya ɓoye alamomin da ake nema, irin su CD3 na ƙwayoyin garkuwa nau'in T da CD20 na nau'in B. Tun 1991 aka gano cewa zafafa yankan cikin ruwa na sake fito da su. Daskararriyar tsoka ba ta buƙatar wannan, sai dai ƙanƙara kan yayyaga ƙwayoyin, siffarsu ta dagule.

Ajiya ce ta fi damuna. Bulon farafin yana shekaru a kan kanta, daskararriya kuwa sai firiza mai -80, kuma inda wuta ba ta tsayawa, samfurin majiyyaci na iya lalacewa a dare ɗaya. Haka nan sanyi ba ya kashe ƙwayar tarin fuka, ma'aikaci na cikin haɗari.

Asibitin da ke binciken kansar ƙwayoyin lim (wani rukunin ƙwayoyin garkuwar jiki) kuma yake son ajiya mai ɗorewa, farafin ya dace da shi. Mai duba tsokar ƙoda ko fata da rini mai ƙyalli, in yana da tsayayyar wuta, ya daskarar.