Zuwana shida gashin ƙashi kan ciwon ɗuwawu

Ɗinkin Sallar bana ne ya kwantar da ni. Sati uku ina kan keke daga hantsi har tsakar dare, sai wani ciwo ya kama ni can cikin ɗuwawun dama, yana tsirgawa ta bayan cinya har sha-raɓa. Zaman tahiya ya koma mini azaba. Na je wanzami ya yi mini ƙaho, na samu sauƙin kwana biyu, abu ya dawo. Ƙanwata ce ta matsa mini na je sashen gashin ƙashi na wani asibiti a nan Sakkwato.

Wanda ya duba ni sa'an ɗana ne, har na so in raina shi. Bai taɓa wurin ciwon ba tukuna, cewa ya yi, "Baba, tsaya bisa ƙafa guda." Na ɗaga ta hagu, sai ƙuguna ya zube gefe kamar buhun da bai cika ba. Ya ɗauko wani ƙugun roba da ke kan teburinsa ya nuna mini. Ashe ɗuwawu tsoka uku ce a jere. Ta waje, gulutiyos magzimos, babu tsokar da ta kai ta girma a jikin ɗan Adam, ita ke tashe ka daga zaune, ita ke hawa da kai matakala. Biyu na ƙarƙashinta, midiyos da minimos, su ke riƙe ƙugu daidai duk sanda ƙafa ɗaya ta bar ƙasa, kuma nawa sun yi sanyi saboda zama. Can ciki akwai wata 'yar ƙarama, firifomis, wadda ta taso daga ƙashin gindin baya ta kama kan ƙashin cinya. Jijiyar siyatika, mafi kauri a jiki, ta ƙarƙashinta take bi ta gangara ƙafa. Da ya danna wurin da gwiwar hannunsa sai da na yi salati da ƙarfi.

Ya kuma zaro walat ɗina daga aljihun baya, cike da katuna da takardun awon mutane, ya ce in daina zama a kanta. Nan ne ma na gane dalilin da ya sa masu allura ke neman ɓangaren sama na ɗuwawu ta waje, ashe wannan jijiya suke gudu.

Abin da ya yi mini aiki shi ne miƙe-miƙen: in kwanta rigingine, in ɗora idon sawu kan ɗaya gwiwar, in jawo cinya zuwa ƙirji na daƙiƙa 30, sai kwanciya ta gefe ina buɗe gwiwa. Na'urar da ke tsikarin fata da lantarki kuwa, daɗi kawai gare ta, kafin in kai unguwar Mabera a kan kabu-kabu ciwon ya dawo. Sau biyu ma babu wuta.

Layin ne ba daɗi. Ka zo ƙarfe takwas, sai sha ɗaya a kira ka, a kan benci mai tauri, ga wanda zama ne ciwonsa. Na faɗa masa, ya yi dariya ya ce in riƙa jira a tsaye.

Bayan zuwa na huɗu tsirgawar ta daina kaiwa sha-raɓa. Yanzu na aza matashi kan kujerar keken, duk rigar da na gama sai in miƙe in zagaya shago. Yaran shagon suna ta yi mini dariya, amma jiya na ga babbansu ya mayar da walat ɗinsa aljihun gaba.