Fitilar gadin gona mai aiki da hasken rana: inda take da amfani da inda ta gaza

Shagunan kayan sola da ke babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, sun cika da wata ƙaramar fitila da ake kafawa a bakin gona domin korar namun daji da dare, kuma waɗanda suka fi sayenta su ne manoman ƙauyukan da ke kan hanyar Garwa zuwa Ngaundere, inda titin ya bi ta gefen gandun dajin Binuwai. Ba ta da wani tsayayyen suna, domin kwalayen suna zuwa daga ƙasar Sin da tambari iri-iri, alhali abin da ke ciki kusan ɗaya ne. An kafa ta a gonar masara da gyaɗa ta gidanmu a daminar da ta wuce, kuma hukuncin da na yanke a kanta shi ne tana yin aikin da aka ƙera ta dominsa, sai dai aikin nan bai kai rabin abin da ke hana manomin bakin daji barci ba.

Girmanta bai wuce tafin hannu ba. Akwai ɗan farantin sola a samanta da batir a ciki, kuma da zarar magariba ta yi sai ta kunna kanta, ta riƙa ƙyafta jan haske har gari ya waye. Mun sayi kowace ɗaya a kan sefa 6,000, mai jiniya kuwa, wadda ke yin ƙara idan wani abu ya gifta ta gabanta, kuɗinta ya kusa ninka haka. Fitila ɗaya ba ta tsare gona. Ko rubu'in hekta, wanda manoman auduga ke kira kar, yana buƙatar a kafa masa a kowace kusurwa, saboda haka lissafin yana hawa da sauri ga mai gona babba.

A makonnin farko sakamakon ya burge kowa. Da safe akan ga sawun aladen daji sun fito daga ciyawa, sun nufo kunyoyin gyaɗa, sun tsaya 'yan taku kaɗan kafin sandar da aka ɗaura fitilar, sannan sun juya sun bi gefen gona suna neman inda duhu yake. Beguwa da gada ma sun ɗauke ƙafa. Amma dabba tana koyo. Da masara ta fara bunni sai ga sawun nan ya ratsa ta gindin sandar kanta, domin aladen sun gane cewa hasken da ke tsaye wuri ɗaya, yana ƙyaftawa iri ɗaya, babu mutum a bayansa. Maganin abin shi ne a riƙa sauya wa sandunan wuri, a sauya tsayinsu, a kuma haɗa da tsofaffin dabaru kamar hayaƙin barkono da kashin shanu da bugun gwangwani. Wannan bayani ba ya jikin kwali, mai shago kuma bai faɗa mana ba. Manoman bakin kogi sun ce haka abin yake da dorina: takan ja da baya da farko, daga bisani ta saba. Giwa kuwa, idan ta yi niyyar shiga gona, ba na ba kowa shawara ya dogara da wannan ɗan haske.

Ta fuskar ƙarko, araha ba ta ado. Robar da ke toshe bakin murfin siririya ce, ruwan Agusta kuma ba ya jin wasa, saboda haka wasu daga cikin fitilun suka yi raɓa ta ciki, haskensu ya dushe, daga ƙarshe suka mutu. Idan hadari ya rufe rana kwana biyu, batirin ba ya kai asuba, kuma a daidai wannan lokacin ne, da mai gadi ya gaji ya kwanta, dabbobi suka fi shigowa. An liƙa batirin da dalma, ba a iya cire shi a sa wani cikin sauƙi. Da na mayar da waɗanda suka lalace, mai shagon ya karɓe ni da mutunci, ya sauya wadda ta ƙi kamawa tun daga kwali ba tare da gardama ba, amma game da sauran sai ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ruwa ba ya cikin garanti." Na ce masa, "Alhaji, ai kayan damina ka sayar mini." Dariya kawai ya yi, ya rage mini wani abu a kan sababbi.

Babbar gazawar fitilar ba laifin maƙerinta ba ce. Gwaggon biri da jan biri da rana tsaka suke zuwa, garke guda, kuma cikin ɗan lokaci sukan karya masarar da ta isa ciyar da gida kwanaki. Babu hasken da ke korar su, sai mutum da majajjawa da ihu, mutumin nan kuwa a mafi yawan gidaje yaro ne. Makarantun Kamaru suna buɗewa a farkon Satumba, daidai lokacin da masara ke nuna, saboda haka a ƙauyukan bakin gandun daji ajujuwa ba sa cika sai an kusa gama girbi. Tun shekarar 2000 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, amma iyaye suna ci gaba da biyan kuɗin ƙungiyar iyaye, wanda daga ciki ake biyan malaman da iyaye suka ɗauka da kansu, kuma daga amfanin gonar nan kuɗin ke fitowa. Uban da ya tura ɗansa aji yana iya rasa masarar da zai biya malamin, wanda ya tura shi gona kuma yaron ya rasa karatun. Abin da fitilar ta rage shi ne gadin dare, kuma ba ƙaramin abu ba ne yaro ya tafi aji bayan ya yi barci.

Ba na cikin masu cewa a buɗe daji kowa ya shiga. Wanda ya tuna yadda mahaya ɗauke da manyan bindigogi suka kashe ɗaruruwan giwaye a gandun Buba Njida a farkon 2012 ya san abin da sakaci ke jawowa, kuma gaskiya ce cewa sababbin gonaki da garken shanu da masu haƙar zinariya sun toshe hanyoyin da dabbobi suka saba bi tsakanin gandayen Faro da Binuwai da Buba Njida. Garwa ma ita ce mazaunin makarantar horar da jami'an namun daji da aka buɗe a 1970, wadda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka da dama. Amma gandayen nan uku tare da yankunan farauta da ke kewaye da su sun cinye fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙasar jihar Arewa ta Kamaru, kuma baƙi masu farautar nishaɗi suna biyan kuɗi masu kauri kafin su harbi dabba ɗaya. Tsarin da aka daɗe ana bi wajen raba kuɗin hayar waɗannan yankuna ya ba baitulmali rabi, ƙananan hukumomi kashi 40, ƙauyukan da ke maƙwabtaka kashi 10. Doka ta kasa dabbobi gida uku, ta haramta taɓa na rukunin farko, manomi ya bi doka, sannan shi ne kuma zai ciro kuɗi daga aljihunsa ya sayi fitilar da za ta kare gonarsa daga dabbar da wani ke cin ribarta. A nan ne nake ganin lissafin bai daidaita ba. Kukan da aka fi ji a ƙauyuka shi ne ana zuwa a auna ɓarna, a rubuta takarda, daga nan sai shiru.

Da za a ware wani abu daga kason ƙananan hukumomi a sayi fitilu masu inganci a sari, a kuma ɗauki manya masu gadin rana a watannin Satumba da Oktoba, da an ga bambanci a gona da aji gaba ɗaya. Ko ba a yi kyauta ba, ana iya bin hanyar da Sodecoton, kamfanin auduga na Kamaru, ke bi tun tuni wajen ba manoman auduga taki da magani bashi ta hannun ƙungiyoyinsu, a cire kuɗin ranar awo.

Ga mai niyyar saye kafin damina, ya buɗe murfin a gaban mai shago ya duba kaurin robar, ya zaɓi wadda ake kwance batirinta da sukurudireba, ya liƙe bakinta da salatif kafin ya kafa, sannan ya nemi rasit, domin ba a bayarwa sai an tambaya. Mai jiniyar ba ta cancanci ƙarin kuɗinta ba, saboda iska da ganyen masara suna tayar da ita dare duka, har maƙwabtan gona su daina fitowa idan ta yi kuka. Ya kuma ɗaure kowace fitila da waya a saman doguwar sanda, domin a gonakin da ke kusa da titi ɓarayi sun fi aladen daji saurin sabawa da ita.