Rangadin tsibirin Cousin a Seychelles: tsauraran dokoki, amma kuɗin bai tafi a banza ba

Wanda ya sauka a tsibirin Praslin yana son ganin aikin kare halittu da idonsa, tsibirin Cousin ya kamata ya fara nufa. Tazarar kilomita 2 ce kawai, kuma ƙungiyar Nature Seychelles ke kula da shi tun 1998. Da safe ake karɓar baƙi, a ranakun aiki. Asabar da Lahadi a rufe yake, don haka a tsara tafiya da wannan a zuciya.

Shigar ma darasi ce. Jirgin da ya kawo ku ba zai taɓa gaɓa ba. Can nesa zai tsaya, ma'aikatan tsibirin su zo da nasu kwale-kwale mai inji su kwashe ku, direba ya ba shi wuta ya haye da shi kan yashi. Dalili ɗaya ne: ɓera. Babu ɓera ko kyanwa a Cousin, tsuntsaye da yawa a ƙasa suke ƙwai, wasu cikin rami. Ɓera ɗaya mai ciki da ta ɓuya cikin kayan wani jirgi ta isa ta rushe aikin shekara hamsin. A riƙe gefen kwale-kwalen da kyau, a sa waya cikin leda, a naɗe ƙafar wando.

Da can gonar kwakwa ce. Akwai wata 'yar tsuntsuwa da mutanen ƙasar ke kira timerl dezil, wadda yawanta ya ragu har bai kai 30 ba a duniya baki ɗaya, duk sun maƙale a ɗan kurmin itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri. Saboda ita ƙungiyar da yanzu ake kira BirdLife International ta sayi tsibirin a 1968. Aka daina noman kwakwa, aka riƙa tuge 'ya'yanta, dajin asali ya dawo. Da tsuntsun ya cika wurin sai aka ɗebi wasu zuwa wasu tsibiran ƙasar: Aride a 1988, Cousine a 1990, daga baya Denis da Frégate. Yau dubbai ne.

Jagororin su ne ƙarfin wannan rangadi, domin su ne masu ƙirga sheƙa da ƙwai a kullum. Za su nuna maka farin tsuntsun teku da ke ɗora ƙwai guda a kan tsuran reshe ba tare da sheƙa ba, da kulɓa tana bi ta kan takalminka, da manyan kunkuru na Aldabra kwance a inuwa. Ka tambaye su batun itacen bwa mapou. 'Ya'yansa na da danƙo, suna manne wa gashin tsuntsu har ya kasa tashi ya mutu, ga shi kuma a kan itacen tsuntsayen suke sheƙa. Ma'aikata kan tsince 'ya'yan daga jikin tsuntsun da suka samu, da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Mai son kunkurun teku ya zo tsakanin Oktoba da Janairu. Irin da ke fitowa nan da rana tsaka yake haƙa rami ya zuba ƙwai, abin da ba kasafai ake gani a wasu ƙasashe ba. Kada a sha gaban macen tana hawowa, don in ta tsorata komawa ruwa za ta yi da ƙwanta. An hana kamun kifi har mita 400 daga gaɓa. Murjanin yankin, wato halittar nan mai kama da dutse da ke girma a ƙarƙashin teku, ya ƙone sosai da zafin teku a 1998 da 2016, kuma tun 2010 ake renon gutsattsarinsa a kan igiyoyi ƙarƙashin ruwa ana sake dasawa, sai dai mai rangadin ƙasa ba zai ga wannan ba.

Inda aka gaza: lokacin gajere ne, bai kai awa biyu ba, kuma a ayari ake tafiya, mai ɗaukar hoto zai ji an gaggauta shi. Sauro ya yi yawa ƙwarai, a shafa magani tun daga jirgi. Daga Mayu zuwa Satumba teku na tashi, sauka kan yi wa tsofaffi da masu ciwon gwiwa wuya, ko da yake lokacin ne tsuntsayen teku suka fi cika itatuwa. Kafin ka biya mai jirgi, ka tabbatar ko kuɗin shiga na cikin farashinsa, ka kuma ɗauki ruwan sha da hula.